Ina ya dace in ajiye sikirif ɗin wasu kamfanoni a manhajar Next.js?

Tambaya: Na ɗauke gidan yanar gizona daga HTML zalla na mayar da shi Next.js. Ina da sikirif huɗu na wasu kamfanoni: na ƙidayar baƙi, na taswira, na akwatin hira da abokan ciniki, da na biyan kuɗi. Na zuba su gaba ɗaya a babbar shimfiɗa, wato `layout` ɗin da ya lulluɓe duk shafuka, kamar yadda na saba. Yanzu ƙidaya shafin farko kawai take gani, taswira ba ta fitowa sai na sabunta shafi, akwatin hira kuwa da na mayar da shi cikin `useEffect` sai ya koma fitowa biyu. Ina ya dace in ajiye su?

Amsa:

Ɗan'uwa, ciwo uku ka lissafa, amma cutar ɗaya ce. Waɗanda suka ba ka sikirif ɗin nan suka ce ka kwafa ka liƙa kafin ƙarshen `body`, sun rubuta umarninsu ne da zaton duk sanda baƙo ya latsa mahaɗi, burauza za ta watsar da shafin da take kai ta ɗauko wani sabo fil. A tsohon gidanka haka abin yake. Kowace latsawa tamkar shara ce da ake yi maka kyauta: duk abin da ke ƙwaƙwalwar shafin ya tafi, a sake karanta HTML daga sama har ƙasa, kowane sikirif ya tashi daga farko. Ba ka taɓa damuwa da kashe wani abu ba, saboda burauza ce ke kashewa.

Next.js da danginsa masu sauya shafi ta cikin burauza sun sallami mai sharar nan. Sau ɗaya ake loda takardar HTML. Daga nan in baƙo ya latsa `Link`, manhajar ce ke tare latsawar, ta canza adireshin da ke sama ta hanyar `history.pushState`, ta cire tsakiyar shafin ta sa wani. A idon baƙo ya zaga shafi biyar, a wurin burauza kuwa yana nan inda ya fara. To duba ciwukanka da wannan idon. Sikirif ɗin ƙidaya ya tashi sau ɗaya, ya aika rahoto ɗaya, ya zauna jiran lodin da ba zai zo ba. Na taswira ya tashi tun baƙo yana shafin farko, ya leƙa neman `div` ɗin da zai yi zane a ciki, bai samu ba, ya haƙura. Da `div` ɗin ya bayyana daga baya babu wanda ya koma ya kira shi. Shi ya sa take fitowa in ka sabunta shafi, don a lokacin wurin yana nan tun farkon lodi. Akwatin hira kuma ka kunna shi ba ka rubuta yadda za a kashe shi ba. Tun React 18 (React shi ne laburaren da aka gina Next.js a kansa), wanda ya fito a Maris 2022, Strict Mode, wato yanayinsa na tona kurakurai, kan ɗora ɓangaren shafi, ya sauke shi, ya sake ɗora shi da gangan yayin da kake gwaji a kwamfutarka, don ya tona asirin irin wannan mantuwa. Za ka gamu da masu cewa ka kashe Strict Mode kawai ka huta. Kar ka biye musu. Akwatin zai daina ninkuwa a gabanka, amma zai ci gaba da yi a wurin baƙon da ya fita daga shafin ya dawo, wanda ba zai taɓa gaya maka ba.

Abin da zai kwance maka yawancin ƙullin shi ne ka daina ɗaukar "sa sikirif" a matsayin aiki ɗaya. Ayyuka uku ne tsohon tsari ya dunƙule maka: sauke fayil ɗin, kunna abin a wani gurbi na shafi, da kashe shi in gurbin ya tafi. Saukewa sau ɗaya ce a duk tsawon ziyara. Kunnawa da kashewa kuwa sau nawa ɓangaren ya bayyana ya ɓace, sau nan za a yi su.

Ɗauki taswira. Ka gina mata ɓangarenta na kanta mai `"use client"` a samansa, ka sa `Script` na `next/script` a cikinsa. Shi wannan `Script` ɗin, da ya zo tare da Next.js 11 a Yuni 2021, yana tuna fayil ɗin da ya riga ya sauke, ba zai sauke shi sau biyu ba. Yana da ƙugiyoyi biyu da mutane ke yawan rikitawa: `onLoad` sau ɗaya tak yake amsawa, lokacin da fayil ya fara sauka, shi kuwa `onReady` yana amsawa a karon farko, sannan ya sake amsawa duk sanda aka sake ɗora ɓangaren. Na biyun kake so. A cikinsa za ka kunna taswira, ka riƙe abin da ta dawo maka da shi a `useRef`, sannan a aikin tsaftacewa da `useEffect` ke dawowa da shi ka rusa ta. In Leaflet ce, wato laburaren zana taswira, `map.remove()` ne; duk wanda ya taɓa ganin Leaflet tana ƙorafin cewa an riga an kunna taswira a gurbin nan, wannan layin ya manta. Haka za ka yi wa akwatin hira. In ka karanta takardun kamfanin daga farko har ƙarshe ba ka ga hanyar kashe shi ba, to sun gaya maka wani abu game da ingancin aikinsu. Sai ka kunna shi sau ɗaya a shimfiɗar da ba ta sauka, ka riƙa ɓoye shi da bayyana shi, ko ka nemi wani kamfanin.

Gurbin da za ka ba baƙon sikirif ya zama `div` ne wayam, wanda React bai zuba 'ya'ya a cikinsa ba. React yana riƙe da nasa lissafin abin da ke cikin shafi. In wani ya zo ya cire ko ya sauya abin da React ke zaton nasa ne, ranar da ya tashi gyara wurin zai tarar ba haka ya bari ba, manhaja ta faɗi da kuskuren `removeChild` wanda ba ya nuna maka mai laifi. Kuma ka yanka wa gurbin tsayinsa tun kafin abin ya iso. Taswirar da ta faɗo bayan daƙiƙa biyu ta ture rubutu ƙasa ita ce ke sa mutum ya latsa abin da bai yi niyya ba, ita ce kuma ke lalata maka ma'aunin CLS, mai auna yadda abubuwan shafi ke gocewa daga wurinsu, wanda Google ke so kar ya wuce 0.1.

Yanzu ainihin tambayarka, wato ina. A App Router, tsarin Next.js na jera shafuka ta foldoji, wanda ya kammalu a Next.js 13.4 cikin Mayu 2023, kowace folda na iya samun nata `layout`, kuma shimfiɗu na zama ne ɗaya cikin ɗaya. In baƙo ya tashi daga shafi zuwa wani, shimfiɗar da suka yi tarayya a kanta ba ta motsi, `page` ne kawai ke sauyawa. Ke nan shimfiɗa ba ado ba ce kaɗai na inda kai da ƙafar shafi za su zauna. Ita ce ke yanke tsawon ran duk abin da ka sa a cikinta. Ƙa'idata ita ce in sauko da kowane sikirif zuwa mafi ƙanƙantar da'irar da ke bukatarsa. Na ƙidaya ne kaɗai a cikin huɗun nan ya cancanci babbar shimfiɗa. Taswira shafi ɗaya ke bukatarta, don me mai karanta bayanin kaya zai biya kuɗin data da lokacin sauke ta? Akwatin hira ya je shimfiɗar sashen da ake sayarwa ko ake taimako. In shafukan ba su da adireshi iri ɗaya, ka tara su a folda mai suna cikin baka biyu, wadda ke haɗa shafuka ƙarƙashin shimfiɗa ɗaya ba tare da sunanta ya fito a adireshi ba.

Ga wurin da nake so ka tsaya, domin nan ne ko ƙwararru ke tuntuɓe. Sikirif in ya riga ya tashi, ba a sauke shi. Ko ka goge alamar `script` ɗin daga shafi, abin da ya riga ya shuka yana nan: agogunan da ya ɗaura, kunnuwan da ya kafa a kan `document` suna sauraron kowace latsawa da kowane harafi. Saboda haka in baƙo ya shiga ta shafin kaya, akwatin hira ya tashi, sannan ya latsa `Link` zuwa shafin biyan kuɗi, to sikirif ɗin hirar ya bi shi har can, ko da a kod ɗinka babu inda ka sa shi a shafin biyan kuɗin. A takarda kun rabu, a burauza kuna ɗaki ɗaya. Kuma burauza ba ta bambanta sikirif ɗinka da na wani kamfani: duk wanda ka shigo da shi ta alamar `script` yana da ikon da naka ke da shi. Yana karanta abin da ake rubutawa a fom, yana leƙa `localStorage`, yana ganin duk kukin da ba a sa wa `HttpOnly` ba, yana aika buƙata da sunan mai ziyara.

Ba tsoratarwa ba ce. A 2018 Ticketmaster ta Ingila, mai sayar da tikiti ta intanet, tana da sikirif ɗin akwatin hira na kamfanin Inbenta a shafinta na biyan kuɗi. Wasu mahara suka shiga wurin Inbenta suka cusa kod ɗinsu, ya riƙa kwashe bayanan katin mutane tun daga Fabrairu har Yuni. A Nuwamba 2020 hukumar kare bayanai ta Birtaniya, ICO, ta ci tarar Ticketmaster fam miliyan 1.25, kuma daga cikin laifin da ta kama ta da shi har da rashin auna haɗarin sa akwatin hira a shafin da ake shigar da kati. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Tsarin da ka bayyana mini, inda hira da biyan kuɗi ke kwance a shimfiɗa ɗaya, shi ne wannan tsarin sak.

Maganin yana da sauƙi, sai dai ya saɓa wa abin da aka koya mana cewa cikakken lodi abin kunya ne. Ka ba sashen biyan kuɗi babbar shimfiɗarsa ta daban. Next.js na yarda a yi manyan shimfiɗu fiye da ɗaya, kuma in aka tsallaka daga wata zuwa wata dole a yi cikakken lodi, wato mai shara ya dawo ya share ɗakin. Ko kuma mahaɗin da ke kai wa biyan kuɗi ya zama `a` zalla maimakon `Link`. Ɗan jinkirin da za a samu a wannan tsallake guda bai kai darajar abin da ka kare ba. In kana karɓar kati, ƙa'idar PCI DSS ta tsaron bayanan katin banki ma tana da magana a kai: sashe na 6.4.3, wanda ya zama wajibi daga 31 ga Maris 2025, yana son jerin kowane sikirif da ke aiki a shafin biyan kuɗi, da dalilin kasancewarsa, da hanyar tabbatar da ba a taɓa shi ba. Jerin mai layi biyu ya fi daɗin karewa a gaban mai bincike fiye da mai layi goma sha biyar.

Shi kansa sikirif ɗin biyan kuɗin yana da nasa hukunci. In kamfanin karɓar kuɗi na Stripe ne, alal misali, sun ce daga `js.stripe.com` kai tsaye za a sauke shi, ba a kwafe shi zuwa sabarka ba, kuma wuraren shigar da lambar kati a cikin `iframe` nasu suke, wato keɓaɓɓen shafi a cikin shafi, inda sikirif ɗin shafinka ba ya iya leƙawa. Su kuma sun fi son ka loda shi a kowane shafi don ya taimaka musu gane 'yan damfara. Wannan ciniki ne tsakanin sauri da kariya daga zamba; ni nakan fara loda shi daga shafin kwandon saye, ba daga ƙofar gida ba, amma wanda zamba ta taɓa ci zai iya zaɓar akasin haka kuma ba zan ga laifinsa ba.

Batun lokacin saukewa ba shi da wuya. Alamar `script` tsirara tana tsayar da karatun HTML har sai fayil ya sauka ya gama aiki, don haka in sabar wancan kamfanin ta yi nauyi, shafinka fari fat zai tsaya. `defer` na saukewa a gefe, ya jira a gama karanta shafi, ya bi jeri. `async` na saukewa a gefe, amma da ya iso zai tashi, ba ruwansa da jeri. `next/script` ya lulluɓe wannan da sunaye: `afterInteractive`, wanda shi ne na asali, ya dace da ƙidaya, `lazyOnload` na jira sai burauza ta samu sarari, ya dace da hira, `beforeInteractive` sai a babbar shimfiɗa yake zama, kuma abubuwa ƙalilan ne suka cancance shi, irin su mai neman izinin kuki. Kowane kamfani zai ce maka nasa ne ya kamata ya fara tashi. Kar ka yarda.

Sai dai kar `async` ya yaudare ka. Saukewa kawai ya kawar daga hanya. Aikin da sikirif zai yi bayan ya sauka a kan layi ɗaya yake da aikin amsa latsawar baƙo. Duk aikin da ya riƙe layin nan fiye da milisakan 50 ana ƙirga shi dogon aiki, kuma ma'aunin INP na saurin amsa latsawa, da ya maye gurbin tsohon ma'auni FID a Maris 2024, yana son shafi ya amsa cikin milisakan 200. A waya mai ƙaramin ƙarfi akwatin hira guda na iya cinye wannan. Abin da na fi so ga hira da bidiyo shi ne ƙofar bogi: ka zana maɓalli mai kama da na hirar da HTML da CSS naka, sai an latsa shi a sauke ainihin sikirif ɗin. Yawancin baƙi ba za su latsa ba, su kuma ba su biya komai ba.

Tarko biyu da zan ambata a gurguje. In ka cusa alamar `script` ta `innerHTML`, ko ta `dangerouslySetInnerHTML` bayan shafi ya riga ya tashi, za ka gan ta zaune a shafi amma ba za ta yi aiki ba. Ƙa'idar HTML ce ta hana, ba kuskuren React ba ne. Na taɓa ɓata yini guda ina zargin wani kamfanin talla kafin in tuna da wannan. Na biyu, tsohon sikirif mai amfani da `document.write` ba ya zama lafiya da lodi a gefe: ko dai burauza ta yi biris da shi, ko in an kira shi bayan an gama lodi ya shafe shafin gaba ɗaya. Irinsa sai a kulle shi cikin `iframe`.

Ƙidaya kuwa, kafin ka rubuta komai ka duba saitin kamfanin. Google Analytics 4 yana da zaɓi na ƙirga sauyin shafi ta bin tarihin burauza. In yana kunne, kai kuma ka ƙara naka rahoton da `usePathname`, kowane shafi sau biyu za a ƙirga shi, ka yi ta murna da baƙin da babu su. Zaɓi ɗaya, ka kashe ɗayan. Ina kuma da ra'ayi mai zafi a kan Google Tag Manager da makamantansa: suna da amfani, amma ƙofa ce da ke ba wanda bai taɓa ganin kod ɗinka ba damar shigo da sikirif cikin kowane shafi ba tare da wani ya duba ba. In za ka sa shi, ka san mutum nawa ke da ikon wallafawa a ciki, kuma kar ya bi ka shafin biyan kuɗi.

Saura batun amana ta tsawon lokaci. Adireshin da ka liƙa yau alkawari ne cewa duk abin da mai adireshin ya ga dama ya sa gobe, za ka gudanar da shi. A Fabrairu 2024 wani kamfani mai suna Funnull ya sayi `polyfill.io`, adireshin da gidajen yanar gizo fiye da 100,000 ke ɗauko sikirif daga gare shi. Andrew Betts, wanda ya ƙirƙiri aikin tun farko, ya yi gargaɗi a lokacin cewa a cire shi. A Yuni kamfanin tsaro na Sansec ya bayyana cewa adireshin ya fara tura masu waya zuwa shafukan caca da damfara. Mafi yawan waɗanda abin ya shafa ba su canza ko harafi ɗaya a kod ɗinsu ba. Don haka duk laburaren da ba sai daga sabar mai shi zai yi aiki ba, ka sauke shi ta npm, rumbun laburaren JavaScript, ka haɗa da naka. Tsohuwar hujjar cewa baƙo ya riga ya sauke fayil ɗin a wani gidan, don haka zai zo da sauri, ta mutu: tun Chrome 86 a Oktoba 2020 kowane gidan yanar gizo ma'ajiyarsa daban a burauza.

Wanda dole daga waje zai zo, in adireshinsa na ɗauke da lambar siga tsayayyiya, sa masa `integrity` tare da `crossorigin`. Hatimi ne da aka lissafo daga abin da ke cikin fayil. In harafi ɗaya ya sauya burauza za ta ƙi gudanar da shi. Iyakarsa ita ce ba ya aiki ga sikirif ɗin da mai shi ke sabuntawa a adireshi ɗaya, kamar na ƙidaya da na hira, kuma ba ya rufe fayilolin da sikirif ɗin zai je ya ɗauko da kansa. Nan ne `Content-Security-Policy` ke shigowa, inda sabarka ke gaya wa burauza daga ina kaɗai aka yarda a ɗauko sikirif, kuma zuwa ina kaɗai aka yarda a aika bayani. Fara da `Content-Security-Policy-Report-Only` na 'yan makonni, wanda ke kawo rahoto ba tare da ya toshe komai ba. Za ka sha mamakin adiresoshin da ba ka taɓa gayyata ba, waɗanda sikirif ɗin wasu kamfanonin suka gayyato. Ka sani kuma in ka zaɓi hanyar `nonce`, wato sabuwar lambar da ake sa wa sikirif ɗin da ka amince da su a kowane lodi, dole a gina shafi sabo a kowace buƙata, don haka za ka rasa saurin shafukan da aka gina tun kafin a nema.

Ga wanda ke karanta wannan ba da Next.js yake aiki ba: a Django ka bar `block` wayam na sikirif a ƙasan babban samfuri, shafin da ke bukata ya cika shi, a Laravel `@stack` da `@push` ne ke wannan aikin. Can mai shara yana nan, don haka rabin matsalar ba ta taso ba. Rails mai Turbo kuwa irin ciwonka yake da shi: `DOMContentLoaded` sau ɗaya yake zuwa, sai a saurari `turbo:load`.

In ka gama gyara, kar ka gwada da sabunta shafi, domin shi ne gwajin da ya yaudare ka tun farko. Shiga ta shafin farko, latsa zuwa taswira, koma baya, sake shiga, har sau goma, kana kallon sashen Network na DevTools, kayan binciken da ke cikin burauza: fayil ɗin taswira sau ɗaya ya kamata ya sauka, rahoton ƙidaya ɗaya ga kowane sauyi. Wuce shafin biyan kuɗi ka duba ko akwai buƙatar da ke fita zuwa kamfanin hira. Sannan ka danna dama a kan kowane sikirif na waje ka toshe adireshinsa, kamar yadda manhajar hana talla za ta yi wa wasu baƙinka. Shafin ya ci gaba da aiki, kuma inda taswira ta kasa zuwa, `onError` ya sa rubutaccen adireshin wurin a gurbinta.